Shin Ko Kun San? Daga Balan-balan Zuwa Kumbo, Yadda Ake Leƙen Duniyoyin Wasu Taurari

Taurarin da ke cika sama da dare ranaku ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Da yawansu suna da nasu duniyoyin da ke kewaya su, kamar yadda tamu ke kewaya rana. Babban abin da ke hana mu ganinsu da kyau kuwa a nan kusa yake: iskar da ke bisa kanmu. Saboda ita ne masana suka yi ta ƙara hawa, daga jirgin sama zuwa balan-balan, daga roka zuwa kumbo. Filinmu na yau hawa-hawa zai bi da ku, mu faro daga bakin kogin Kwara a Toumboutou, cikin gundumar Malanbil ta Jamhuriyar Benin.

DAGA ƘASA

Shin ko kun san cewa ƙyaftawar da taurari ke yi ba daga gare su take ba? Haskensu a miƙe yake tahowa, sai ya shigo iskarmu inda mai ɗumi da mai sanyi ke cuɗanya, su yi ta karkata shi. Ɗan sama jannati a tsaye cak yake ganin tauraro. Gamzaki da ke fitowa da asuba bai cika ƙyaftawa ba, domin shi duniyar Zuhura ce, maƙwabciyarmu ta kusa.

Shin ko kun san cewa ko babu hazo, sama ba a buɗe take ba? Masu duban jinjirin wata sun san wahalar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ta lulluɓe mu da ita. To ko a daren da gari ya yi garau, tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye hasken zafi wanda ido ba ya gani, wato infirared, iskar ozon kuma tana tare haske mai ƙuna da ake kira altirabayolet. A cikin waɗannan haskoki biyu ne labarin iskar wata duniya ya fi fitowa.

Shin ko kun san cewa rabin iskar duniya tana ƙasa da tsayin kilomita 5 da rabi, kashi 99 cikin 100 kuma ƙasa da kilomita 32? Daga kilomita 100 ake lissafin an shiga sararin samaniya, kwatankwacin tafiyar Malanbil zuwa Kandi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a wajen kilomita 400. In ta gifta ta saman Toumboutou, ta fi Kwatano kusa, domin zuwa Kwatano sai an ci fiye da kilomita 700 a mota.

Shin ko kun san cewa mazaunin wannan yanki ya fi mutumin Turai ganin sama? Muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka taurarin arewa da mafi yawan na kudu duk suna fito mana. A dararen Mayu da Yuni, ku dubi kudu ƙasa-ƙasa, za ku ga Alfa Santori mai haske, wadda ba a gani daga Faransa ko Ingila. A gefenta akwai ƙaramar tauraruwa ja, Proxima, wadda ido ba ya kamawa. Ita ce mafi kusa da rana, kuma a 2016 aka gano wata duniya da ke kewaya ta cikin kwana 11.

Shin ko kun san cewa kafin 1992 babu wata duniya ko ɗaya da aka tabbatar a wajen dangin rana? A shekarar ne Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka gano biyu a jikin wata matacciyar tauraruwa. A watan Oktoban 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na Switzalan suka sanar da ta farko mai kewaya tauraruwa irin rana, 51 Pegasi b, wadda shekararta kwana 4 ce da 'yan sa'o'i. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2019. Zuwa Satumbar 2025, lissafin hukumar NASA ta Amurka ya kai duniyoyi 6,000.

Shin ko kun san cewa mafi yawansu ba ganinsu aka yi ba, inuwarsu aka auna? In duniya ta gifta ta gaban tauraruwarta, hasken yakan ɗan ragu, ya dawo, ya sake raguwa a zagaye na gaba. Mai girman Jupita tana rage kashi 1 cikin 100. Mai girman tamu kuwa kashi 84 cikin miliyan kacal take ragewa. Ƙyaftawar da iska ke haddasawa ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa dole a hau sama.

HAWA NA FARKO: JIRGIN SAMA

Shin ko kun san cewa jirgin da ya fi kowane daɗewa cikin duhun husufin rana ta samaniyar yankinmu ya ratsa? Ranar 30 ga Yunin 1973, jirgin Concorde na gwaji mai lamba 001 ya tashi daga tsibiran Kanari ɗauke da masanan Faransa da Birtaniya da Amurka. An huda rufinsa an sa tagogi don na'urori su kalli rana. Matuƙinsa André Turcat ya bi inuwar wata da gudun da ya ninka na sauti sau biyu, ta kan Muritaniya da Mali da Nijar, ya sauka a Fort-Lamy, Njamena ta yau. A ƙasa, inda duhun ya fi daɗewa, minti 7 aka samu. Na cikin jirgi sun samu minti 74.

Shin ko kun san cewa husufi ne ya koya wa masana dabarar ɗaukar hoton waɗannan duniyoyi? Waɗanda suka shaida na ranar 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Gana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar, sun ga yadda taurari suka fito da hantsi da zarar wata ya rufe rana. A farkon shekarun 1930 Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙera na'urar da ke yin husufin da gangan: wani ɗan faifai a cikin madubin hangen nesa da ke toshe hasken tsakiya don na gefe ya bayyana. Aikin ba wasa ba ne, domin rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan 10.

Shin ko kun san cewa daga cikin jirgin dakon kaya aka gano zobban duniyar Yuranus? Ranar 10 ga Maris 1977, James Elliot da abokan aikinsa suna cikin jirgin NASA mai suna Kuiper a saman tekun Indiya, suna jiran Yuranus ta rufe wata tauraruwa. Tun kafin ta iso, sai tauraruwar ta dushe sau biyar, bayan ta wuce ta sake yin haka. Zobban ne suka gifta. Dabarar auna inuwa ke nan, wadda daga baya ta zama babbar hanyar farautar duniyoyin nesa.

Shin ko kun san cewa an taɓa yin jirgin da ke buɗe ƙofa yana tsakiyar tafiya? SOFIA ke nan, na NASA da hukumar sararin samaniyar Jamus. Boeing 747 ne da ya fara jigilar fasinja a kamfanin Pan Am a 1977. An yanke gefensa na hagu ta wajen wutsiya, aka girka madubi mai faɗin mita 2.7 da nauyin tan 17. Da magariba yake tashi daga Palmdale a jihar Kalifoniya. In ya kai kilomita 12 zuwa 14, inda ya bar kashi 99 cikin 100 na tururin ruwa a ƙasa, sai ƙofar ta zuge. Madubin yana zaune ne kan wani dunƙulen ƙarfe mai yawo bisa siririn mai, don kada girgizar jirgi ta taɓa shi. Masana kuma suna bayan wani bango a ɓangaren da ke da iskar shaƙa, suna bin allon kwamfuta wajen sa'a 10, sai asuba a sauka.

Shin ko kun san cewa a watan Oktoban 2013 SOFIA ya kalli giftawar wata duniya ta gaban tauraruwarta? Sunanta HD 189733 b, nisanta kimanin shekarun haske 64, wato sai haske ya yi shekara 64 yana tafiya kafin ya iso daga can, kuma kwana 2 da ɗan ɗori take kammala zagaye. A shekarar ce madubin Hubble ya nuna cewa shuɗiya ce shar. Shuɗin ba na teku ba ne: zafinta ya kusa digiri 1,000, kuma masana na hasashen ɓurɓushin gilashi ne ke yawo cikin iskarta.

Shin ko kun san cewa tsada ce ta ajiye SOFIA? Duk da cewa shi ya tabbatar da ruwa a ɓangaren wata mai samun rana a 2020, yana lashe wajen dala miliyan 85 a shekara, masu bita kuma suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Ya yi tashinsa na ƙarshe na aiki a Satumbar 2022. Yanzu yana gidan tarihin jirage a Tucson ta jihar Arizona.

HAWA NA BIYU: BALAN-BALAN

Shin ko kun san cewa an yi masanin da ya ce zuwa da kai ya fi aike? A watan Afrilun 1959 Audouin Dollfus na Faransa ya shiga wata rufaffiyar ƙwallon ƙarfe da madubi a samanta, aka ɗaura mata balan-balan fiye da 100 a jere kan igiya ɗaya. Ya kai kilomita 14 shi kaɗai cikin dare, yana neman alamar ruwa a iskar Zuhura. Shekara biyu kafin nan, Martin Schwarzschild na jami'ar Princeton ya aika madubin Stratoscope ba tare da mutum ba, ya ɗauko hotunan rana. Hanyarsa ce ta ɗore.

Shin ko kun san yadda ake tayar da balan-balan ɗin bincike? A Fort Sumner ta jihar New Mexico, tun duhun asuba ake fitowa, lokacin da iska ta kwanta. Sai a shimfiɗa shi a ƙasa kan dogon ƙyalle, ma'aikata na lallaɓa shi, domin kaurinsa bai wuce na ledar da ake ƙulla sukari a kasuwa ba. Kansa kawai ake hura wa iskar heliyam, sauran jikin yana kwance. Wata ƙatuwar mota mai ƙugiya tana riƙe da madubin. In aka saki kan, sai ya miƙe sama, motar ta bi shi da gudu har ya daidaita a samanta, sannan ta saki kayan. Yana hawa iskar waje tana sirancewa, heliyam na buɗewa, har ya cika ya kai faɗin mita 140. Cikin sa'a biyu zuwa uku ya kai kusan kilomita 40. In aiki ya ƙare, ta rediyo ake tsinke igiya, ledar ta yage, kayan su sauko da lema.

Shin ko kun san cewa an tayar da irin waɗannan daga Damagaram da Yamai? A daminar 2006, cikin babban shirin binciken damunar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, hukumar sararin samaniyar Faransa da abokan aikinta na Amurka sun saki balan-balan daga Damagaram. Sun hau wajen kilomita 20, iska ta kora su yamma zuwa tekun Atlantika, suna jefo ƙananan na'urorin awo don a gane yadda guguwar teku ke farawa daga hadarin Sahel. Na Yamai kuma iskar can sama suka auna. Yanayi suka bincika, amma sana'ar ɗaya ce da ta masu ɗaga madubi.

Shin ko kun san cewa akwai madubin da ke gyara fuskarsa da kansa? PICTURE-C na jami'ar Massachusetts da ke Lowell ya tashi daga Fort Sumner a Satumbar 2019, ya sake tashi a Satumbar 2022. Faɗin madubinsa santimita 60 ne, yana da na'urar husufi irin ta Lyot, da wani ƙaramin madubi mai ɗaruruwan 'yan sanduna a bayansa masu tura shi da ja, don su kashe hasken da ya ɓalle. Burinsa ganin ƙurar da ke kewaye taurarin kusa, domin inda ƙura ta yi zobe, sau da yawa akwai duniyar da ta shata shi.

Shin ko kun san cewa wasu duniyoyin gefe ɗaya kullum rana, ɗayan kullum dare? Sun matsa kusa da tauraruwarsu har suka kafe da fuska ɗaya. Don a auna zafin kowane gefe sai an zuba musu ido kwanaki a jere ba yankewa. Wannan ne aikin EXCITE, madubin NASA mai faɗin rabin mita da ya yi tashin gwaji a ƙarshen Agustan 2024. An tsara shi ne don doguwar tafiya a saman Antatika, inda balan-balan ke yin makonni bai sauko ba.

Shin ko kun san cewa an taɓa jefo sakamakon bincike daga sama kafin madubi ya sauko? SuperBIT, wanda ke nazarin tarin taurarin nesa, ya tashi daga Wanaka a New Zealand a Afrilun 2023, ya yi kusan kwana 40 yana kewaya kudancin duniya. Masu shi suka jefo ƙananan akwatuna ɗauke da katunan ajiyar bayanai a kudancin Ajantina. Da madubin ya sauka, iska ta ja lemarsa ta farfasa shi, amma hotunan sun tsira. Kuɗin ƙera shi wajen dala miliyan 5 ne, ɗan mitsitsi in aka gwada da na kumbo.

HAWA NA UKU: ROKA

Shin ko kun san cewa akwai binciken da ake shekaru ana shiryawa, a yi shi cikin minti 5? Rokar bincike ba ta shiga falaki, wato ba ta kewaya duniya. Takan cilla sama kilomita 250 zuwa 300, ta faɗo, duka tafiyar wajen minti 15. A tsakiyar nan ne murfi ke buɗewa, madubi ya juya ya kama tauraruwa, ya kwashi abin da ya samu, murfi ya rufe. A filin White Sands na New Mexico jirgi mai saukar ungulu ne ke zuwa ɗauko kayan daga hamada, a gyara a sake amfani da su.

Shin ko kun san cewa rokar farko da aka aika don wannan farauta ba ta kawo hoto ba? A watan Oktoban 2011 ayarin Supriya Chakrabarti na jami'ar Boston ya harba PICTURE don kallon tauraruwar Epsilon Eridani, mai nisan shekarun haske 10 da rabi. Ba a jima da tashi ba na'urar aiko da bayanai ta mutu. Sun sake gwadawa a Nuwambar 2015, kuma darasin da suka kwasa ne ya haifi PICTURE-C na balan-balan.

Shin ko kun san cewa iskar oksijin a wata duniya ba lallai shaidar rai ba ce? Haske mai ƙuna na tauraruwa yana iya farfasa ruwa ko iskar kabon ya saki oksijin, ba tare da ganye ko ɗaya ba. Saboda haka sai an san irin hasken da kowace tauraruwa ke fesowa, shi kuwa ba ya isowa ƙasa. Rokar SISTINE ta Kevin France na jami'ar Colorado ta auna shi a tauraruwar Procyon a Nuwambar 2021, sannan a Alfa Santori a Yulin 2022, daga arewacin Ostareliya.

HAWA NA HUƊU: FALAKI

Shin ko kun san cewa Kano na cikin garuruwan da suka yi magana da Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya? NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano cikin shirin Mercury, ɗaya daga cikin biyu a yankin Afirka ta kudu da Sahara, ɗayar a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya gifta, ya shaida wa tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska. Hazon da ke hana mu ganin sama, shi ne ya gani daga can.

Shin ko kun san yadda ake sanin abin da ke cikin iskar duniyar da ba a taɓa zuwa ba? Lokacin giftawa, ɗan hasken tauraruwa yana ratsa gefen iskar. In aka warware hasken zuwa launukan bakan gizo, za a ga wasu gurabe sun yi duhu, domin kowane sinadari da launin da yake shanyewa. A Nuwambar 2001 masu aiki da Hubble, wanda ke falaki tun 1990, suka sanar da alamar sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a duniyar HD 209458 b. Karon farko ke nan.

Shin ko kun san cewa kumbo ɗaya ya gano duniyoyi fiye da 2,600? Faransa ce ta fara da CoRoT a Disambar 2006, wanda ya gano CoRoT-7b, ta farko mai dutse da aka auna girmanta. Kepler na NASA ya biyo baya a Maris 2009. Shekara 4 ya yi yana kallon yanki ɗaya na sama, yana auna hasken taurari 150,000. Shi ya gano Kepler-16b mai rana biyu, da Kepler-452b mai shekarar kwana 385. Daga lissafinsa aka gane cewa duniyoyi sun fi taurari yawa.

Shin ko kun san cewa da hasken rana aka ɗinke Kepler? Ƙafafu huɗu masu juyawa ne ke tsayar da shi, biyu suka lalace zuwa Mayun 2013, kuma ba mai iya zuwa gyara. Injiniyoyi suka jera shi yadda ɗan turin da hasken rana ke yi a jikinsa zai tsaya a madadin ƙafa ta uku. Da haka ya ci gaba da aiki har mansa ya ƙare a Oktoban 2018.

Shin ko kun san cewa ɗan sakandare ya gano duniya a kwanansa na uku da fara koyon aiki? A 2019 ne, a cibiyar Goddard ta NASA. Yaron, mai shekara 17, yana duba bayanan kumbon TESS da aka harba a Afrilun 2018, sai ya ga raguwar haske a inda ba a zata ba. Ita ce TOI-1338 b, mai kewaya taurari biyu. Bayanan TESS a buɗe suke, kuma shirin Planet Hunters TESS yana karɓar duk mai intanet da haƙurin duba zane.

Shin ko kun san cewa da hannun Afirka a gano tauraruwa mai duniyoyi 7? TRAPPIST-1 tana da nisan shekarun haske 40. Ayarin Michaël Gillon na jami'ar Liège a Beljiyam ya yi aikin da madubi a Chile da wani a dutsen Oukaïmeden na Maroko, tare da masanan jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh. Kumbon Spitzer ne ya warware lissafin bayan kallon wajen sa'a 500, aka sanar a Fabrairun 2017. Dukkansu masu dutse ne, kuma mafi nisa a cikinsu kwana 19 take zagaye.

Shin ko kun san cewa zinaren da ke fuskar madubin James Webb bai kai giram 50 ba? An shafa shi ne siriri a kan ɓangarori 18 da suka haɗu suka ba da faɗin mita 6.5. An harba shi ranar 25 ga Disambar 2021 daga Kourou, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan, bayan wata rumfa mai hawa 5 da ke sa shi sanyin da ya wuce digiri 230 ƙasa da sifiri. Ya ci wajen dala biliyan 10. A Agustan 2022 ya nuna iskar kabon ɓaro-ɓaro a duniyar WASP-39 b, mai nisan shekarun haske 700.

Shin ko kun san cewa har yau ba a tabbatar da rai a wata duniya ba? A Afrilun 2025 wasu masanan jami'ar Cambridge sun ce Webb ya ga alamar wata iska a K2-18 b, wadda a nan ƙananan halittun teku ne ke fitar da ita. Labarin ya karaɗe duniya. Wasu masanan da suka sake bin bayanan sun ce alamar ba ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba.

Shin ko kun san cewa ba sai da biliyoyi ake shiga wannan fage ba? A Yulin 2017 aka saki GhanaSat-1 na jami'ar All Nations da ke Koforidua, da Nigeria EduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure, daga tashar sararin samaniya, kowanne wajen kilo 1. A Nuwambar shekarar, daga wannan tasha dai, aka saki ASTERIA mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, wanda ya kama giftawar duniyar 55 Cancri e. Taurarin ɗan adam na Najeriya, tun daga NigeriaSat-1 na 2003, ƙasa suke kallo ko sadarwa suke yi. ASTERIA ya nuna cewa ɗan ƙaramin akwati ma yana iya juyawa ya kalli sama.

SUNAYE, NISA DA HOTUNA

Shin ko kun san cewa wasu duniyoyin suna ɗauke da sunayen yankinmu? A 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa suna. Najeriya ta kira tauraruwar HD 43197 Amadioha, duniyarta kuma Equiano, don tunawa da Olaudah Equiano, wanda aka bautar, ya 'yantu, ya yaƙi cinikin bayi da alƙalami. Togo ta kira WASP-64 Atakoraka, daga tsaunukan Atakora da suka miƙo har arewacin Benin, duniyarta kuma Agouto. Burkina Faso ta zaɓi koguna biyu, Mouhoun da Nakanbé. Gana ta zaɓi Sika da Toge.

Shin ko kun san cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne? Shekarar haske ɗaya kilomita tiriliyan 9.46 ce. Kumbon Voyager 1 da ya tashi a 1977 yana cin kilomita 17 a daƙiƙa. Da Proxima ya nufa, wadda nisanta shekarun haske 4.2 ne kawai, da sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya.

Shin ko kun san cewa hotunan duniyoyi masu teku da tsaunuka da ke yawo a Facebook da WhatsApp zane ne? Hoton gaskiya ɗigon haske ne kawai a gefen tauraruwar da aka toshe. An ɗauki na farko a 2004 daga Chile, Webb ya ɗauki nasa na farko a 2022, kuma dukansu biyu manyan duniyoyi ne masu zafi, nesa da taurarinsu. Mai girman tamu a kusa da tauraruwa irin rana, ba a kai ga hotonta ba tukuna. Turai ta shirya Plato mai kyamarori 26 don nemo irinsu, da Ariel don auna iskar duniyoyi wajen 1,000. NASA ta sa wa madubin Nancy Grace Roman sabuwar na'urar husufi, tana kuma tsara wani babba don shekarun 2040, wanda aka ɗora wa neman alamar rai a duniyoyi 25 masu kama da tamu. Kafin nan, in aka turo muku hoton wata sabuwar duniya da kogi da itatuwa, ku tambayi wanda ya turo sunan madubin da ya ɗauka.